Jarumin da ya koma darakta

Jarumin da ya koma darakta shi ne ɗan wasan fim da ya fara yin suna a gaban kyamara, daga baya ya karɓi aikin ba da umarni, ko dai ya daina fitowa gaba ɗaya, ko ya riƙa haɗa ayyukan biyu. Ana samun irinsa a kowace masana'antar fim, daga Hollywood da Bombay zuwa Hong Kong da Yamai da Legas da Kano. Abu biyu ne suka bambanta shi da daraktan da ya fito daga makarantar koyon fim, ko wanda ya taso daga ɗaukar hoto ko rubutun labari: ya san halin ɗan wasa domin shi ma ya taɓa tsayawa inda yake tsaye, kuma yana da sunan da masu kuɗi ke yarda su zuba jari a kansa. Na farkon ake yawan faɗa wa 'yan jarida, amma na biyun ne yake sa a ba shi aikin.

Ayyukan biyu ba ɗaya ba ne. Ɗan wasa rawarsa kaɗai ya sani, kuma yakan yi makonni a wurin ɗaukar fim ya tafi abinsa. Darakta kuwa yana nan tun ana gyaran labari har a gama tace hoto da haɗa sauti, wanda a manyan masana'antu yakan ci shekara ɗaya ko biyu. Shi ke zaɓen 'yan wasa, shi ke cewa ga inda za a kafa kyamara, shi ke yanke hukuncin cewa wannan ɗauka ta yi ko a sake, kuma shi furodusa zai tuhuma in kuɗi suka ƙare fim bai kammala ba.

Farkon sinima

A shekarun farko na sinima babu katanga tsakanin ayyukan. D. W. Griffith, wanda ake lissafawa cikin waɗanda suka kafa tsarin ba da labari da hoto, ɗan wasan dandali ne da ya shiga fim a matsayin ɗan wasa, kuma a 1908 ya fara ba da umarni a kamfanin Biograph. Lois Weber ma daga wasa ta faro, kuma fim ɗinta The Merchant of Venice na 1914 shi ake ɗauka a matsayin dogon fim na farko da mace ta ba da umarninsa a Amurka. A Indiya, Fatma Begum ta bar matsayin jaruma kawai ta kafa kamfaninta, ta ba da umarnin Bulbul-e-Paristan a 1926.

Charlie Chaplin ne ya fi kowa nuna abin da wannan hanya ke iya haifarwa. Fim ɗinsa na farko ya fito a Fabrairun 1914 a kamfanin Keystone, kuma kafin shekarar ta raba tsakiya ya riga ya fara ba da umarnin finafinan da yake fitowa a ciki, saboda bai gamsu da yadda daraktocin kamfanin ke sarrafa barkwancinsa ba. A 1919 shi da Mary Pickford da Douglas Fairbanks da Griffith suka kafa United Artists domin su riƙa rarraba finafinansu da kansu. Daga nan ya zama shi ne marubuci, shi ne jarumi, shi ne darakta, shi ne mai kuɗin, daga baya har kiɗan ma shi ke tsarawa. Wannan 'yanci ne ya ba shi damar ci gaba da fim marar magana a City Lights na 1931 da Modern Times na 1936, bayan kowa ya koma fim mai sauti. Shi ne kuma ya sa yake iya maimaita ɗaukar fitowa ɗaya sau ɗaruruwa ba mai ce masa ya isa haka.

Da manyan kamfanonin Hollywood suka yi ƙarfi a shekarun 1920 da 1930, sai aka raba aiki kashi-kashi. Ɗan wasa ya zama ma'aikacin da aka ɗaure da kwantiragin shekaru, kamfani ke zaɓar masa fim da darakta. Buster Keaton, wanda ya haɗa wasa da ba da umarni a The General na 1926, ya shiga kamfanin MGM a 1928, aka ƙwace ikon daga hannunsa, kuma bai sake yin fim mai darajar na baya ba. Sai da wannan tsari ya fara rugujewa daga shekarun 1950, jarumai suka fara kafa kamfanoninsu, kafin hanyar ta sake buɗewa sosai.

Yadda ake shiga

Dalilin da ya fi yawa shi ne neman iko a kan aiki. Ɗan wasa na iya zuba duk iyawarsa a fitowa, ya zo kallon fim ya tarar an yanke ta a ɗakin tace hoto. Sai kuma batun shekaru: fuska tana tsufa, ayyuka suna raguwa, musamman ga mata, alhali darakta ba ruwansa da furfura. Clint Eastwood, wanda aka haifa a 1930, ya fitar da Juror #2 a 2024 yana da shekara 94. Akwai kuma wanda yake da labarin da ba wanda zai ɗauka in ba shi ba. Richard Attenborough ya kusa shekara ashirin yana neman kuɗin yin Gandhi kafin ya fito a 1982.

Amma wani abin lura shi ne yawan waɗanda suka hau kujerar darakta a tsakiyar aiki, bayan wani ya sauka ko an sauke shi. Ida Lupino tana furodusa kuma marubuciyar Not Wanted a 1949 sai daraktan, Elmer Clifton, ya kamu da ciwon zuciya, ta ƙarasa fim ɗin ba tare da ta sa sunanta a matsayin darakta ba. Daga nan ta ci gaba har ta yi The Hitch-Hiker a 1953, a lokacin da kusan babu wata mace mai ba da umarni a Hollywood sai ita. Marlon Brando ya karɓi One-Eyed Jacks na 1961 bayan sun raba gari da Stanley Kubrick. Sidney Poitier, baƙar fata na farko da ya ci kyautar Oscar ta gwarzon jarumi, ya karɓi Buck and the Preacher na 1972 daga hannun Joseph Sargent bayan an fara ɗauka. Takeshi Kitano na Japan, ɗan barkwancin talabijin, ya zama darakta a 1989 lokacin da Kinji Fukasaku ya bar Violent Cop. Aamir Khan ma haka ya karɓi Taare Zameen Par na 2007 daga Amole Gupte, wanda ya rubuta labarin.

Wannan yawan ba haɗari ba ne kawai. In aka samu saɓani tsakanin darakta da jarumin da aka tara kuɗi da sunansa, an san wanda zai tattara kayansa. Shi ya sa ƙungiyar daraktocin Amurka ta shiga maganar. A lokacin ɗaukar The Outlaw Josey Wales na 1976, Eastwood ya sa aka sallami darakta Philip Kaufman, wanda ya yi aikin labarin da shirye-shiryen farko, ya ƙarasa fim ɗin da kansa. Ƙungiyar ta ci tarar masu fim ɗin, sannan ta kafa ka'idar da har yau ake kira da sunan Eastwood: ba a yarda jarumi ko furodusan da ke cikin fim ya kori darakta sannan ya maye gurbinsa ba.

Abin da yake zuwa da shi, da abin da yake rasa

Ƙarfin irin wannan darakta yana wajen sarrafa mutane. Ya san tsoron da ke kama ɗan wasa in kyamara ta fara juyawa, ya san maganar da ke buɗe shi da wadda ke daskarar da shi. Vittorio De Sica jarumin finafinan soyayya ne da 'yan matan Italiya ke rububinsa a shekarun 1930, amma da ya zo yin fim ɗinsa na ɓarayin keke a 1948, wanda aka fi sani da Bicycle Thieves, sai ya ɗauko ma'aikacin masana'anta mai suna Lamberto Maggiorani, wanda bai taɓa wasa ba, ya ba shi babbar rawa. De Sica kan yi wasan a gabansu su kwaikwaya. Mutumin da bai taɓa wasa ba ba zai iya koyarwa ta wannan hanya ba.

Eastwood ya bi wata hanyar. Ya shafe shekarun 1959 zuwa 1965 a shirin talabijin na Rawhide, ya yi finafinan kaboyi uku da Sergio Leone, ya kafa kamfaninsa Malpaso a 1967, sannan ya fara ba da umarni da Play Misty for Me a 1971, inda ya sa ubangidansa a sana'a, darakta Don Siegel, ya fito a wata 'yar ƙaramar rawa. An san shi da ɗauka ɗaya ko biyu ya wuce gaba, da gama aiki kafin wa'adi, da rashin ɗaga murya in za a fara wasa. Duk waɗannan ɗabi'u ne na mutumin da ya gaji da jira a wurin ɗaukar fim. Masu suka suna cewa wannan sauri yakan bar wasu fitowa ba su nuna ba, musamman in 'yan wasan sababbi ne, kuma akwai gaskiya a ciki.

John Cassavetes shi kuma wasa ya mayar hanyar neman jari. Yakan fito a finafinan wasu, irin su The Dirty Dozen na 1967 da Rosemary's Baby na 1968, ya kwashi kuɗin ya zuba a nasa finafinan, waɗanda yake ɗauka da matarsa Gena Rowlands da abokansa, wani lokaci a cikin gidansa. Faces na 1968 da A Woman Under the Influence na 1974 sun zama abin koyi ga masu yin fim ba tare da manyan kamfanoni ba.

Raunin kuwa yakan bayyana a inda ɗan wasa ba ya zuwa: lissafin kuɗi, tsara kwanakin aiki, zaɓen madubin kyamara, da ɗakin tace hoto. A One-Eyed Jacks Brando ya ɗauki hoto mai yawan gaske, ya zarce kasafi da wa'adi, har kamfanin Paramount ya karɓi fim ɗin ya datse shi. Bai sake ba da umarni ba. Akwai kuma jarabar tausaya wa 'yan wasa, a bar fitowa ta yi tsawo saboda wasan ya yi kyau ko da labarin ya tsaya cik. Shi ya sa yawancin waɗanda suka yi nasara sukan jingina da ƙwararren mai ɗaukar hoto da mai tacewa da mataimakin darakta, su riƙe su shekara da shekaru.

Mafi wuya shi ne mutum ya ba wa kansa umarni. Wanzami ba ya aske ƙeyarsa, kuma jarumin da ke cikin hoto ba ya ganin hoton. Kafin a samu na'urar da ke nuna abin da aka ɗauka nan take, sai dai ya dogara da idon wani, ko ya jira a wanke fim. Ana danganta yaɗuwar wannan na'ura da ɗan barkwanci Jerry Lewis, wanda ya yi amfani da ita a The Bellboy na 1960 saboda wannan matsala. Duk da haka, mutum biyu kaɗai suka taɓa cin Oscar ta gwarzon jarumi a fim ɗin da suka ba da umarninsa: Laurence Olivier da Hamlet na 1948, da Roberto Benigni na Italiya da Life Is Beautiful na 1997.

Ba kuma kullum faɗuwa ke nuna rashin iyawa ba. Charles Laughton, babban ɗan wasan Ingila, fim ɗaya tak ya ba da umarni, The Night of the Hunter na 1955. Kasuwa ta ƙi shi, masu sharhi suka kushe shi, Laughton ya rasu a 1962 bai sake gwadawa ba. Yau fim ɗin yana cikin waɗanda ake koyarwa a makarantun fim.

Shekarun Oscar

Tsakanin 1980 da 1995 jarumai sun yi ta kwashe kyautar Oscar ta gwarzon darakta. Robert Redford ya ci da Ordinary People na 1980, wanda shi ne fim ɗinsa na farko a matsayin darakta, Warren Beatty da Reds na 1981, Attenborough da Gandhi, Kevin Costner da Dances with Wolves na 1990, shi ma na farkonsa, Eastwood da Unforgiven na 1992, sai Mel Gibson da Braveheart na 1995. Ron Howard, wanda ya fara wasa tun yana yaro, ya bi sahu da A Beautiful Mind na 2001, Eastwood kuma ya sake ci da Million Dollar Baby na 2004 yana da shekara 74.

An yi ta ce-ce-ku-ce a kan wannan, domin sau biyu darakta Martin Scorsese yana shan kaye a hannun jarumin da ya yi fim ɗinsa na farko: Redford ya kayar da Raging Bull, Costner ya kayar da Goodfellas. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne 'yan wasa su ne rukuni mafi yawa a cikin masu jefa ƙuri'ar Oscar. Hujjar tana da ƙarfi amma ba ta cika ba, tunda daraktoci ne ke fitar da sunayen 'yan takara tun farko, kuma su ne suka ƙi sa Ben Affleck a takara da Argo na 2012, fim ɗin da ya zo ya ci kyautar gwarzon fim.

Sunan jarumi yana kuma sa a yi fim ɗin da ba don shi ba ba za a yi ba. Costner ya sa an yi magana mai yawa da harshen Lakota a Dances with Wolves. Gibson ya zuba kuɗinsa, kimanin dala miliyan 30, a The Passion of the Christ na 2004, da harsunan Aramaik da Latin, fim ɗin ya kawo fiye da dala miliyan 600. Cacar takan juya: The Postman na Costner ya faɗi warwas a 1997. Ga mata da baƙaƙen fata, waɗanda aka daɗe ana hana su kujerar, wasa ya zama ƙofar da ta fi saurin buɗewa. Stir Crazy na Poitier, 1980, da Big na Penny Marshall, 1988, kowanne ya haura dala miliyan 100 a Amurka, abin da baƙar fata ko mace ba su taɓa yi ba kafin su. Barbra Streisand ta zama mace ta farko da ta ci Golden Globe ta darakta da Yentl na 1983, Greta Gerwig kuma ta haura dala biliyan ɗaya da Barbie a 2023.

Indiya da gabashin Asiya

A Bombay abin ya ɗauki wata siffa, domin can sana'ar ta iyali ce, kuma babban jarumi yakan zama kamfani shi kaɗai. Raj Kapoor, ɗan jarumi Prithviraj Kapoor, ya fara da ƙananan ayyuka a bayan kyamara, ya fito a matsayin jarumi a Neel Kamal a 1947, shekara guda bayan haka ya kafa R. K. Films ya ba da umarnin Aag. Barsaat na 1949 ya kawo masa kuɗin gina sutudiyonsa a unguwar Chembur. A Awaara na 1951 da Shree 420 na 1955 ya ɗauko siffar talaka mai yawo irin ta Chaplin ya mayar da ita ta Indiya, da waƙoƙi da hawaye, kuma Awaara ya yi farin jini ƙwarai a Tarayyar Sobiyet da Turkiyya da Sin. A Awaara mahaifinsa ne ya fito a matsayin alƙali, wato ɗa ke ba uba umarni.

Tarihinsa ya nuna haɗarin da ke tattare da mutum ɗaya ya riƙe komai. Mera Naam Joker na 1970 ya ci kimanin shekara shida ana yinsa, ya haura awa huɗu, da hutu biyu a tsakiya, kuma labarin ɗan barkwanci ne mai sa mutane dariya yana kuka a zuci, wanda kowa ya gane cewa Raj Kapoor kansa yake nufi. Fim ɗin ya faɗi, ya bar shi cikin bashi. Abin da ya cece shi shi ne ya janye daga gaban kyamara: a Bobby na 1973 ya sa ɗansa Rishi Kapoor da sabuwar fuska Dimple Kapadia, fim ɗin ya yi kasuwa ta ban mamaki.

Wasu da dama sun bi wannan hanya. Manoj Kumar ya yi Upkar a 1967 ya zama uban finafinan kishin ƙasa. Dev Anand ya fara da Prem Pujari a 1970, sai Hare Rama Hare Krishna a 1971. Feroz Khan ya yi Dharmatma a 1975 da Qurbani a 1980. Akwai kuma waɗanda wasan bai karɓe su sosai ba, ba da umarni ya karɓe su: Subhash Ghai, da Ashutosh Gowariker mai Lagaan na 2001 wanda ya shiga takarar Oscar, da Rakesh Roshan mai Karan Arjun na 1995, wanda ya ƙaddamar da ɗansa Hrithik a Kaho Naa Pyaar Hai a 2000. Tun shekarun 1950 ake nuna finafinan Indiya a sinimomin arewacin Najeriya, don haka mai kallo Bahaushe ya daɗe da sanin waɗannan fuskoki, ko da bai damu da sanin wanda ke bayan kyamara ba.

A Hong Kong dalilin na jiki ne. Mai faɗa ko mai tsalle-tsalle ya fi kowa sanin inda ya kamata kyamara ta tsaya don a ga abin da ya yi. Bruce Lee ya rubuta kuma ya ba da umarnin The Way of the Dragon a 1972, Jackie Chan ya fara da The Fearless Hyena a 1979 ya kai ga Police Story a 1985, Stephen Chow ya yi Kung Fu Hustle a 2004. Labarin da ya fi ban mamaki kuwa na Yilmaz Guney ne na Turkiyya, jarumin da ya rubuta Yol yana kurkuku, ya aika da cikakken umarni ga Serif Goren ya ɗauka, sannan ya tsere daga ƙasar ya tace fim ɗin a Turai. Yol ya ci babbar kyautar bikin Cannes a 1982.

Afirka ta Yamma

Oumarou Ganda na Nijar yana cikin na farko. An haife shi a Yamai a 1935, ya yi aikin soja a rundunar Faransa a yaƙin Indocin, ya dawo yana dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan. A can ya haɗu da Bafaranshe Jean Rouch, wanda ya sa shi babbar rawa a Moi, un noir na 1958. Bayan shekara goma Ganda ya ɗauki labarin da kansa: Cabascabo, da harshen Zabarmanci, labarin tsohon soja ne da ya dawo gida kuɗinsa suka ƙare abokai suka watse, kuma shi ya fito a ciki. An nuna shi a Cannes a 1969. Fim ɗinsa Le Wazzou polygame, a kan wani Alhaji da ya ƙara aure na uku da yarinyar da ke da wanda take so, shi ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972, shekarar da aka fara ba da ita. Ya rasu ranar 1 ga Janairun 1981. Kyautar da bikin ke ba darakta a kan fim ɗinsa na farko sunan Ganda take ɗauke da shi, haka ma wata cibiyar al'adu a Yamai.

Med Hondo na Muritaniya ya fara da wasan dandali da ƙananan rawa a Faransa, ya gaji da irin rawar da ake ba baƙar fata, ya yi Soleil Ô wanda aka nuna a Cannes a 1970. Ya riƙa samun abin rufin asiri da juya muryoyin 'yan wasan Amurka zuwa Faransanci, musamman Eddie Murphy. A 1986 ya fitar da Sarraounia, daga littafin Abdoulaye Mamani na Nijar, a kan Sarauniyar Aznan Lugu da ta tunkari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899. An ɗauke shi a Burkina Faso, ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987.

A kudancin Najeriya, Kunle Afolayan, ɗan jarumi Ade Love, ya fito a Saworoide na Tunde Kelani a 1999 kafin ya koyi sana'ar ya yi The Figurine a 2009 da October 1 a 2014. Genevieve Nnaji ta ba da umarnin Lionheart a 2018, inda Sani Mu'azu da Yakubu Mohammed suka fito. Netflix ya saye shi, Najeriya ta tura shi takarar Oscar, aka cire shi a 2019 saboda yawancin maganar cikinsa da Turanci ne. Funke Akindele kuwa takan haɗa ba da umarni da wani, kamar yadda ta yi da Adeoluwa Owu a A Tribe Called Judah na 2023, fim ɗin Najeriya na farko da ya haura naira biliyan ɗaya a sinima.

Finafinan Hausa na bidiyo sun faro ne daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo irin su Tumbin Giwa ta Kano, wadda ta yi Turmin Danya a 1990, kuma a ƙungiya mutum ɗaya kan yi wasa yau, gobe ya tsara na wasu. Saboda haka yawancin daraktocin Kannywood a wurin ɗaukar fim suka koyi aikin, ba a aji ba, kuma haɗa ayyukan biyu bai taɓa zama abin mamaki ba. Ishaq Sidi Ishaq da Sani Mu'azu da Falalu A. Ɗorayi duk an san su a gaba da bayan kyamara. Wanda ya fi kama da tsarin Bombay shi ne Ali Nuhu, wanda aka haifa a Maiduguri a 1974, ya yi suna da Sangaya, ya kafa kamfanin FKD, ya riƙa ba da umarni tare da fito da sababbin fuskoki, kamar yadda ya yi da Umar M. Shareef da Maryam Yahaya a Mansoor na 2017. A Janairun 2024 aka naɗa shi shugaban Hukumar Finafinai ta Najeriya.

Sai dai a Kannywood kujerar da jarumi ya fi nema ta furodusa ce, ba ta darakta ba, domin darakta ladan aikinsa ake biyansa, mai fim kuwa shi ke da ribar. Tun da kasuwar faifai ta mutu aka koma finafinai masu dogon zango a YouTube da tashoshi irin su Arewa24, jarumi yakan buɗe tasharsa, ya zuba kuɗinsa, ya fito a babbar rawa, sannan ya ɗauko darakta ya biya shi, kamar yadda Lawan Ahmad ya yi da Izzar So daga 2020. A irin wannan tsari darakta yana ba da umarni ne ga mutumin da zai sallame shi da yamma.